Pyrodex, Triple Seven ko Blackhorn 209: wanne zan ɗura, kuma ina ne iyaka?

"Salam Malam. Ina zaune a Amurka, bana na sayi bindigar ɗuri kaliba .50 irin ta zamani saboda ina so in shiga farautar barewa a lokacin da suke ware wa masu irin wannan bindigar. Na je shago neman baƙin albarushi suka ce ba sa ajiyewa, sai suka nuna min Pyrodex da Triple Seven da wani mai tsada wai Blackhorn 209. A jikin kwalin bindigar an rubuta tana ɗaukar giren 150. Dan Allah wanne ya fi, kuma 150 ɗin zan riƙa zubawa ko wanne na saya? Ina da ɗan sikeli a gida. Sannan ƙanina a gida yana da bindigar toka ta gado, in na gane ma'aunin zan iya gaya masa ya yi amfani da shi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule, wanne gari za ka saya, nawa za ka zuba, sannan ko lissafin zai yi wa bindigar ƙaninka. Ta ukun zan fara amsawa a gajarce kafin mu je ko'ina, a'a, kar ka ba shi ko lamba ɗaya daga cikin abin da zan faɗa, dalilin yana ƙasa. Sannan wannan maganar sikelin da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ce ta fi tayar min da hankali a duk saƙon naka, dan haka ka ajiye shi tukuna har ka gama karantawa.

Me ya sa ma aka yi waɗannan garin

Baƙin albarushi na asali, wanda mafarautanmu suka sani, shi ne mai gawayi da farar wuta a ciki, shi ya sa in an harba kake jin wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ga farin hayaƙi ya tokare maka gaba. Har yanzu ana yin sa, akwai Goex a Amurka, akwai Swiss daga Switzalan, akwai Schuetzen daga Jamus. Abin da ya sa ba ka same shi a shago ba, doka ce. A Amurka ana lissafa shi cikin abubuwa masu fashewa, dan haka mai shago sai ya nemi lasisi na daban da ma'ajiya ta musamman, ga inshora, yawancinsu sai su ce ba za su iya wannan wahalar ba. Su kuwa waɗanda aka nuna maka an sa su a ajin da ya fi sauƙin ajiya da jigila saboda ba sa kama wuta da sauri kamar na asalin. Toh ka riƙe wannan, dan wannan rashin saurin kama wutar da ya sa mai shago yake son su, shi ne kuma matsalarsu a cikin wasu bindigogin.

Pyrodex shi ne babban yayansu, ya fito a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ya ƙirƙiro shi, Dan Pawlak, ya rasu a 1977 lokacin da masana'antar ta yi bindiga, kaga kenan ko wanda ake cewa ya fi aminci ɗin ba abin wasa ba ne. Kamfanin Hodgdon ne ke sayar da shi. Akwai RS wanda yake daidai da baƙin albarushi mai lamba FFg (yawan F ɗin laushin gari yake nunawa), shi ne na irin bindigarka, akwai P mai laushi daidai da FFFg na ƙananan bindigogi. An yi shi ne ta yadda mudu ɗaya nasa zai ba ka ƙarfi kusan daidai da mudu ɗaya na baƙin albarushi. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, amma yana da farar wuta a ciki kuma dattin da yake bari yana cin ƙarfe sosai, wasu ma na cewa ya fi na asalin saurin kawo tsatsa, ni dai a aikace ban ga wani bambancin da zai sa in kwana ban wanke ko wannensu ba.

Triple Seven shi ma na Hodgdon ne, ya zo a farkon shekarun 2000. Ba shi da farar wuta, dan haka babu wannan warin, kuma ruwa zalla yana wanke shi. Amma ya fi zafi. Kamfanin da kansa ya ce in kana so ka samu daidai ƙarfin baƙin albarushi, ka rage kashi 15 cikin 100 a mudu, wato inda za ka zuba 100 na baƙi sai ka zuba 85 nasa. Halinsa da kowa ya sani shi ne yana barin wani zobe na datti mai tauri a can ƙasan bututu, daidai wurin da harsashi yake zama, musamman in ana kunna shi da firaima mai ƙarfi, wato ɗan abin da ake sawa a gindin bindiga ya ba gari wuta. In ba ka goge bayan harbi ɗaya ko biyu ba, sai ka tura harsashi ya tokare a kan zoben ka ɗauka ya kai ƙasa alhali bai kai ba, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, zan dawo kansa.

Blackhorn 209 shi ne auta, ya shigo kasuwa a 2008 daga wani kamfani a jihar Montana mai suna Western Powders, daga baya Hodgdon ya saye harkar a 2020. Shi ne ya fi tsafta nesa ba kusa ba, za ka iya harbi da yawa a jere ba ka goge ba, ba ya saurin shan danshi, kuma gudun harsashi yana fita kusan iri ɗaya harbi bayan harbi. Amma yana da sharuɗɗa. Sai bindigar zamani mai rufaffen gindi wadda wutar ke shiga kai tsaye ta baya, sai kuma firaima 209 cikakkiya irin ta harsashin bindigar tsuntsaye, ba waɗanda aka rage wa ƙarfi ba, daga nan ma sunan nasa ya samo asali. Ba a wanke shi da ruwa, sai da man wanke bindiga. Kuma wasu bindigogin sai ka canza musu toshiyar gindin da wadda aka yi dominsa. Ga tsada kamar yadda ka gani da idonka.

Duk ukun nan ba sa aiki yadda ya kamata a bindiga mai ƙanƙara, irin wadda dutse ke ƙyasta wuta a ɗan kasko. Tartsatsin bai isa ya tayar da su ba, sai ka ja kunama ka ji shiru, ko ta yi jinkiri sannan ta tashi. Masu farauta a jihar Pennsylvania, inda ake da lokaci na musamman na masu ƙanƙara bayan Kirsimeti, dole baƙin albarushi na asali suke nema ko daga ina ne.

Mudu ne, ba sikeli ba

Yanzu maganar sikelinka. Giren asalinsa ma'aunin nauyi ne, 7000 ne a fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Amma a harkar bindigar ɗuri in aka ce giren 100, ana nufin cikin wani ɗan bututun tagulla mai lambobi a jiki wanda in ka cika shi da baƙin albarushi zai yi nauyin wajen giren 100. Wato awo ne na mudu, kamar yadda ake auna gero da tiya a kasuwa. Kuma kowa ya san tiyar gero da tiyar dusa ba nauyinsu ɗaya ba duk da kwano ɗaya ne.

Waɗannan sababbin garin duk sun fi baƙin albarushi rashin nauyi. Ɗauki Blackhorn misali, masu yin sa sun ce ka ninka lambar mudu da 0.7 ka samu nauyi, dan haka 100 a mudu 70 ne a sikeli, kuma iyakarsa ta ƙarshe 120 a mudu wato 84 a sikeli. Yanzu ka ɗauka ka karanta 100 a wani wuri sai ka ɗora a sikeli har allura ta nuna 100. Abin da ka zuba ya haura 140 a mudu, ka riga ka tsallake iyaka da nisa kana ganin kai mai taka-tsantsan ne. In kuwa 150 ɗin kwalin ka auna a sikeli, ka wuce 210, wlh ban so in tsaya kusa da kai ranar. Pyrodex ma haka, ya fi baƙin rashin nauyi da wajen kashi 30 cikin 100.

Na taɓa ganin wannan da idona a filin gwaji. Wani bawan Allah a tebur na kusa da ni, ya zo da 'yan kwalabe ya jera su tsaf kowacce da rubutu, sabuwar bindiga, sabon komai. Harbin farko da ya yi sai da hular kansa ta faɗi, ya tashi yana murza kafaɗa yana dariya wai bindigar akwai ƙarfi. Wani dattijo ya je ya ɗauki kwalba ɗaya ya juye a mudunsa na tagulla, ta cika ta zube har a kan tebur. Ashe a sikeli ya auna. Dariyar nan take ta ɗauke. Allah ya taimake shi ƙarfen mai kyau ne.

Ba wai sikeli haramun ba ne, masu gasar harbi suna amfani da shi dan su samu awo iri ɗaya, amma sai bayan sun san nauyin da mudunsu yake bayarwa na wannan garin takamaimai. Kai da kake farawa, sayi mudun tagulla, ba shi da tsada, ka tsaya a kansa.

Ita 150 ɗin da aka rubuta

Wannan lambar talla ce rabi, gaskiya rabi. Tun da Tony Knight ya fito da bindigarsa mai suna MK-85 a 1985 bindigogin ɗuri na zamani suka yi ta ƙara ƙarfi, sai kuma aka zo da albarushi dunƙulalle kamar ƙwayar magani, wadda aka fi amfani da ita kowace ƙwaya daidai da giren 50. Abin da yawancin masu ƙera bindiga suke nufi da 150 shi ne ƙwaya uku irin waɗannan. Ba suna nufin ka zuba garin Triple Seven har 150 ba, dan in ka bi lissafin kashi 15 ɗin nan, wannan ya kai ƙarfin baƙin albarushi wajen 175. Kuma ba ta shafi Blackhorn ba ko kaɗan tunda shi a 120 ya tsaya. Dan haka kana da iyaka biyu kullum, ta littafin bindigarka da ta jikin gwangwanin garin, wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka bi. Ka buɗe littafin, za ka ga yawanci sun raba, ga iyakar ƙwaya, ga iyakar gari, wani lokacin ma har da nauyin harsashin da aka yarda.

Shi ma nauyin harsashin mutane suna mantawa da shi. Dunƙulen dalma na kaliba .50 bai kai giren 180 ba, harsashi mai rigar roba da yawancin mafarauta ke sawa yana wajen 250 zuwa 300, dogayen na dalma zalla kuwa suna haura 350. Gari ɗaya, mudu ɗaya, amma in abin da ke gabansa ya fi nauyi, matsin da ke cikin bututu ya fi yawa. Haka laushin gari, FFFg ya fi FFg saurin ci, dan haka in ka sauya zuwa mai laushi sai ka rage. Shi kuwa FFFFg na kaskon ƙanƙara ne kawai, ba a ɗura shi a ciki.

Ni ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, ba ka buƙatar 150. Na gwada, abin da na samu shi ne dukan kafaɗa, ƙarar da ke sa ka rufe ido kafin ka ja kunama, da harsasai da suka watse a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Ƙarin gudun da kake samu daga ƙwaya ta uku bai kai rabin abin da ka ƙara ba, wani kason ma a bakin bindiga yake ƙonewa. Tawa ta fi nutsuwa tsakanin 80 da 100 a mudu, kuma barewar da ke tsaye a yadi 100 ba ta san bambanci ba. Yadda nake yi da sabuwar bindiga, in fara daga ƙasa wajen 70 ko 80, in yi harbi uku, in goge, in ƙara 5 ko 10, in sake uku, ina rubutawa a ɗan littafi. Za ka ga ramukan suna matsowa kusa da juna har su kai wani wuri sannan su fara buɗewa. Inda suka fi haɗuwa nan ne ma'aunin bindigarka, kuma kusan kullum yana ƙasa da iyaka. Wannan ne ma ya sa na fi son gari a kan ƙwaya, da ƙwaya mai 50 tsalle kake yi daga 100 zuwa 150 babu tsakiya. Ƙwaya dai ta fi sauƙi in hannunka ya ƙage da sanyi a daji. Sai dai ka duba dokar jiharka kafin ka saya, Colorado misali ba ta yarda da ƙwaya ko harsashi mai rigar roba ba a lokacin farautar masu bindigar ɗuri.

Abin da ya fi fasa bindiga

Abin mamaki, yawancin bututun da suka kumbura ko suka tsage ba ƙarin giren 10 ne ya jawo ba. Na farko shi ne albarushi mara hayaƙi, irin wanda ke cikin harsashin bindigogin zamani. Launinsa na iya zama baƙi ko toka-toka, mutum ya ga baƙi ne ya ɗauka duk ɗaya ne, alhali matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa, mudu ɗaya nasa a bindigar ɗuri gurneti ne a gefen fuskarka. An taɓa yin wata bindiga mai suna Savage 10ML da aka ƙera musamman dominsa, amma wannan ita kaɗai ce da irinta, taka ba ita ba ce. Kar ka haɗa shi ko ɗan kaɗan, kar kuma ka gauraya gari biyu.

Na biyu, gibi tsakanin gari da harsashi, abin da na ce zan dawo kansa. Dole harsashi ya zauna daram a kan gari. Maganinsa mai sauƙi ne, ranar da ka ɗura a bututu mai tsafta, ka bar sandar ɗuri a ciki ka yi mata alama daidai bakin bindiga. Daga ranar duk ɗurin da alamar ba ta sauka wurinta ba, kar ka harba. In ta tsaya sama sosai, wataƙila ɗuri biyu ka yi, wanda shi ne na uku, kuma yana faruwa ne in ana yi maka hira kana ɗuri. Sannan kar ka taɓa zuba gari kai tsaye daga gwangwani zuwa bututu, in akwai ɗan garwashin da ya rage a ciki duk gwangwanin ne zai tashi a hannunka, ka zuba a mudu, ka rufe gwangwani, sannan ka juye. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon inda ka saita aƙalla minti ɗaya.

Wanki kuma ranar da ka harba, ba gobe ba. Na taɓa dawowa a gajiye na ce bari sai da safe, safiyar ta zama kwana uku, da na leƙa bututun sai ga jan tsatsa ya feso, har yau akwai 'yan ramuka a wurin suna tuna min.

Bindigar ƙaninka

Duk lambobin nan an fitar da su ne a kan bututun da aka san irin ƙarfensa da kaurinsa, aka gwada shi da na'urar auna matsi. A Turai ma akwai gidajen gwaji na hukuma, kamar na Birmingham a Ingila tun 1813 da na Gardone Val Trompia a Italiya, inda ake harba bindiga da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, in ta tsira a buga mata hatimi. Bindigar toka ta gado ko wadda maƙeri ya haɗa, ba wanda ya san me ke cikin ƙarfenta, wasu da bututun ruwa aka yi su mai ɗinki a tsaye, gindin kuma walda ce ko dunƙule, ga shekaru na tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani. Ban raina maƙeranmu ba, da irin waɗannan bindigogin kakanninmu suka yi farauta kuma da su 'yan bindiga ke yi wa sarki buɗa a hawan sallah, amma ni daga nan ba ni da lambar da zan ce ta aminta a cikinta, kuma duk wanda ya ba ka lamba bai ga bindigar ba yaudararka yake. Abin da zan ce ka isar masa shi ne kar ya kuskura ya fasa harsashin zamani ya juye garin a ciki, kar ya sa kan ashana, dan waɗannan biyun sun raba mafarauta da yawa da yatsunsu da idanunsu. Kuma ya tuna a Najeriya dokar makamai ta sa bindigar ɗuri ma cikin masu buƙatar lasisi daga 'yan sanda. In ta gado ce mai tarihi, ni da ya rataye ta a bango ya fi min.

Kai kuma, tunda ban ga taka ba kuma ba ka faɗi sunanta ba, littafinta ne ke da magana ta ƙarshe a kan duk abin da na faɗa. In ya ambaci Blackhorn 209 kuma aljihunka zai ɗauka, shi zan ce ka saya, ka fara daga 80 a mudu. In bai ambace shi ba, ɗauki garin Triple Seven mai FFg ka fara daga 70 kana gogewa bayan kowane harbi, ko Pyrodex RS in kana so ka yi ta gwaji ba tare da ka ji zafin kuɗi ba. Ka je filin gwaji aƙalla sau biyu kafin a buɗe farauta, kuma ka rubuto min abin da takardar ta nuna da nauyin harsashin da ka sa, sai mu ga ko akwai abin gyarawa.